Hidimar Matasa da Iyali a Bakin Kogi: Darasi Daga Auyo

Yawancin tsare-tsaren da muke bi a hidimar matasa da iyali an shirya su ne domin ikilisiyar birni, inda jama'a ke zaune wuri ɗaya, albashi kuma yana zuwa ƙarshen wata. A Auyo da ƙauyukan bakin Kogin Haɗeja a Jihar Jigawa, kogi da gona ne suke tsara wa mutum shekararsa. Shugaban da bai lura da wannan ba zai yi ta zargin matasa da sanyin zuciya, alhali tsarinsa ne bai dace da wurin ba.

Mu san shekarar bakin kogi

A Agusta da Satumba kogi yakan cika da ruwan da ya gangaro daga madatsun Tiga da Challawa a Jihar Kano. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, sai ya malala cikin gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2022. Wannan kuwa shi ne lokacin dogon hutu, da muka saba sa taron matasa da makarantar hutu ta yara. In hanya ta yanke, wa zai zo?

Da shinkafa ta fara nuna, yara na gona suna korar jan-baki. Bayan girbi sai noman rani: alkama, tumatir da albasa. Saboda haka babban taro ya fi kyau a sa shi bayan girbi, wajen Kirsimeti, lokacin da hanya ta bushe, ɗalibai sun dawo gida, iyaye kuma suna da abin bayarwa. A sauran watanni, gajeren nazarin Littafi Mai Tsarki da yamma ya fi dogon shirin da ba mai halarta.

Mu shirya wa tafiyar mutane

Masu bi kaɗan ne a wannan yanki, da yawansu kuma aiki ne ya kawo su: malaman asibiti, 'yan sanda, 'yan kasuwa, da masu yi wa ƙasa hidima da shekara ɗaya kawai suke yi. Namu matasan ma suna tafiya karatu Dutse, Kafin Hausa ko Kano. Sau da yawa baƙo mai himma yakan ɗauki mawaƙa da makarantar Lahadi shi kaɗai, ranar da ya tafi komai ya tsaya. Maganin shi ne kowane aiki a ba mutum biyu, ɗaya ya zama mazaunin gari, a kuma rubuta abin da ake koyarwa a littafin da zai zauna a majami'a.

Gida shi ne tushe

Bangaskiyar Timoti ta fara ne daga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki (2 Timoti 1:5). Ranar da ruwa ya raba iyali da majami'a, abin da aka saba yi a gida ne zai rage. Fasto da dattawa su ziyarci gidaje, su koya wa iyaye riƙe bagaden iyali: karatu kaɗan, haddar aya ɗaya, addu'a. Yaron da shi kaɗai ne Kirista a ajinsu yakan dawo da tambayoyi masu nauyi. Idan iyaye suka kore shi da tsawa, zai nemi amsa a wani wuri. Haka ma zancen aure: a yi shi a fili tun da wuri, a kuma riƙa haɗa taro da ikilisiyoyin Haɗeja domin matasa su san juna.

Ambaliya ma makaranta ce. Matasan da suka fita cika buhunan yashi tare da maƙwabtansu Musulmi, da Zumuntar Mata da ta raba abinci ba tare da tambayar addini ba, sun koyi ƙaunar maƙwabci a aikace.

Kafin a rubuta shirin shekara mai zuwa, dattawa su zauna da manoma da iyaye mata, su tambayi watannin da kowa yake da sarari. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.