INJIN GAHAWA NA GIDA: ABIN DA MASU SHI SUKA KOYA GAME DA ƘARKO

Duk wanda ya taɓa ziyartar manyan biranen ƙasar Italiya, kamar su Milan ko Rum, ya san cewa ma'aikacin can ba ya kama hanyar ofis da safe sai ya ratsa ta kantin shan gahawa. A nan zai tsaya a tsaye gaban kanta, a miƙo masa ɗan finjali wanda abin da ke cikinsa bai wuce kurɓi biyu ba, ya shanye, ya biya, ya wuce. Wannan ita ce gahawar da Italiyawa ke kira espresso. Shekara da shekaru a kantuna kaɗai ake samunta, domin injin da ke yin ta babba ne, mai nauyi, mai tsada. Daga baya masana'antu suka shiga ƙera ƙanana domin ɗakin girki, jama'a a Turai da Amurka suka yi ta saye, kuma a cikin shekaru sittin da 'yan kai masu waɗannan injuna sun tara ilmi mai yawa game da abin da ke sa kayan ƙira ya daɗe ko ya mutu da wuri.

Kafin a gane kukansu da yabonsu, wajibi ne a san irin aikin da ake ɗora wa injin. Bisa ƙa'idar da cibiyar kula da espresso ta Italiya ta shimfiɗa, ana ɗaukar garin gahawa giram 7, a danne shi a cikin ɗan kwando na ƙarfe, sa'an nan a tura ruwa mai zafin digiri 88 ko kusa da haka ya ratsa shi da ƙarfin da ya kai ba 9, har a sami mililita 25 a cikin daƙiƙa 25. Ba shi ne ma'aunin matsi, kuma ba 9 ya ninka iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota kamar sau huɗu. Idan zafin ya wuce kima gahawa ta yi ɗaci, idan ya gaza ta yi tsami. Watau ƙaramin inji da ke zaune a kan tebur dole ne ya jure wa zafi da matsi da danshi kowace safiya, ba tare da ya kauce wa ma'auni ba.

Asalin Sana'ar

Cikin shekarar 1884 wani mutumin Turin mai suna Angelo Moriondo ya karɓi takardar mallakar ƙirƙirar injin da ke dafa gahawa da tururi. Luigi Bezzera na Milan ya kyautata dabarar cikin 1901, sa'an nan Desiderio Pavoni ya sayi haƙƙinta, ya kafa kamfaninsa cikin 1905. Injunan wancan zamani da tururi suke tura ruwa, saboda haka matsinsu bai taka kara ya karya ba, gahawarsu kuma takan fito da ɗanɗanon ƙuna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne Achille Gaggia ya fito da inji mai dogon hannu da fistan da sifirin. Mai kanti zai ja hannun ƙasa, sifirin ya matse, in ya saki sai fistan ya danna ruwa da ƙarfin da tururi bai taɓa kaiwa ba. Daga nan ne aka fara ganin kumfar nan mai ruwan goro a saman finjali, wadda ta zama shaidar espresso har yau. Cikin 1961 kamfanin Faema ya maye gurbin hannu da famfon lantarki a injinsa mai suna E61, wanda aka raɗa wa suna saboda husufin ranar da aka gani a Italiya a wannan shekara. Kan wannan inji, watau wurin da ruwa ke fitowa, dunƙulen tagulla ne mai nauyin kilo huɗu ko kusa da haka, wanda ruwan zafi ke zagayawa a cikinsa domin kada ya huce. Har yanzu kamfanoni da dama suna ɗora irin wannan kai a kan injunan gida masu tsada.

A wannan shekara ta 1961 ne kuma kamfanin La Pavoni ya fitar da Europiccola domin gidaje. Baby Gaggia ya biyo baya cikin 1977, Gaggia Classic cikin 1991, sai Silvia na kamfanin Rancilio cikin 1997.

Ƙyalli Da Abin Da Ke Ciki

Darasi na farko da masu saye suka koya shi ne cewa lambar da aka rubuta a jikin kwali ba ta nuna inganci. Injuna masu araha da yawa suna alfahari da ba 15, mai saye kuma ya ɗauka cewa goma sha biyar ta fi tara. Alhali kuwa wannan lamba iyakar ƙarfin ɗan famfon da ke ciki ce kurum, kuma ƙarfin da ya wuce kima yakan huda garin gahawa ta gefe ɗaya, ruwa ya zurare ba tare da ya ɗebo ɗanɗano ba. Abin da ake bukata shi ne bawul ɗin da ke rage matsin zuwa tara. Saboda haka ya zama al'ada ga masu Gaggia Classic su buɗe murfin injin su daidaita wannan bawul, ko su canja ɗan sifirin da ke cikinsa.

Darasi na biyu ya shafi nauyi. Sau da yawa inji yakan yi ƙyalli a kanti, amma in an kai shi gida sai a tarar jikinsa roba ce aka shafa wa ruwan azurfa, har mai shi ya riƙa dafe shi da hannu ɗaya kafin ya murɗa mariƙin kwando da ɗaya hannun, don kada injin ya zame. Silvia yana da nauyin kilo 14 ko kusa da haka, tukunyarsa ta tagulla ce mai cin mililita 300. Ƙarfe mai kauri yana jinkirin ɗaukar zafi, to amma in ya ɗauka ba ya saurin saki, kuma wannan natsuwar ita ce ke sa finjalin yau ya yi daidai da na jiya. Injuna marasa nauyi kuwa galibi ba su da tukunya, ruwa ne ke bi ta cikin siririn bututu a jikin dunƙulen ƙarfe mai zafi. Suna shiryawa cikin ƙanƙanin lokaci, wanda hakan alheri ne ga mai gaggawar fita aiki, amma in bututun ya toshe gyaransa yana da wuya.

Duk da haka masu injunan tagulla ba su tsira daga ƙorafi ba. Tukunya ɗaya ce ke dafa ruwan gahawa, ita ce kuma ke ba da tururin ɗumama madara, saboda haka dole a jira tsakanin aikin farko da na biyu. Na'urar ƙayyade zafin da ke jikinta kuma takan bar ruwa ya hau ya sauka da digiri masu yawa, har masu injin suka ƙirƙiro dabarar lura da fitilar gaba suna ƙirga daƙiƙoƙi kafin su danna maɓalli. Waɗansu sukan sayi ƙaramar na'urar lantarki mai daidaita zafi su haɗa da kansu. Akwai kuma kukan ƙanƙantar farantin tare ruwa, da tsatsar da kan kama ƙarfen da ke ƙarƙashinsa in ba a goge shi kullum ba.

Yadda Masu Saye Suka Juya Kamfani

Babu labarin da ya fi bayyana wannan al'amari kamar na Gaggia Classic. Akwati ne na ƙarfe marar tsatsa mai maɓallai uku, da ƙaramar tukunyar sanholo, da kwando mai faɗin milimita 58 irin na injunan kanti. A cikinsa akwai wani bawul na lantarki mai hanya uku, wanda aikinsa shi ne ya sauke matsi da zarar an kashe famfo, ya zubar da ragowar ruwa, domin garin da aka yi amfani da shi ya fito a bushe. Duk mai sukundireba yana iya buɗe injin ya ga kome a fili.

Kamfanin Saeco ya sayi Gaggia cikin 1999, sa'an nan Philips ya sayi Saeco cikin 2009. Cikin 2015, shekarar da dokar Tarayyar Turai ta fara tilasta wa injunan gahawa su riƙa kashe kansu domin tsimin wuta, sai aka fitar da sabon samfuri a kasuwannin Turai. A waje kusan kamarsa ɗaya da tsohon, to amma an canja tukunyar, an cire bawul ɗin nan mai hanya uku, kuma a ƙasar Rumaniya aka ƙera shi. Masu saye ba su ɓata lokaci ba wajen gano bambancin. Suka riƙa gargaɗin juna, suna neman tsofaffin injuna na hannu maimakon sababbi. Ba a yi shekara biyar ba kamfanin ya fito da Classic Pro, wanda aka mayar wa da bawul ɗin da tukunyar sanholo, aka kuma koma ƙera shi a Italiya. Har bututun tururinsa aka gyara, domin da ma masu tsohon injin sun daɗe suna cire nasa suna ɗaura na Silvia.

Maganar ba ta ƙare a nan ba. Cikin 2023 aka fitar da samfurin da aka shafe cikin tukunyarsa da wani sinadari, sai masu saye da dama suka kai kukan cewa shafen yana ɓarewa yana fitowa cikin ruwa. Shekara ta gaba kamfanin ya fito da tukunyar tagulla. Sau biyu ke nan a cikin shekara goma abin da ido ba ya gani a kanti shi ne ya jawo rigima, kuma sau biyu waɗanda suka san cikin kayansu suka sa aka gyara.

Inji Mai Hannu

Europiccola yana da nasa mabiya. Ba shi da famfo, ba shi da sifirin. Mai shi ne zai ɗaga hannun ruwa ya shiga, sa'an nan ya danna da ƙarfin damtsensa. Sabon shiga yakan ɓarar da gahawa mai yawa kafin hannunsa ya faɗa. Jikin injin kuma tukunya ce tsirara wadda takan ƙona marar lura, ga shi bayan finjali biyu ko uku kansa yakan yi zafi fiye da kima, sai an dakata. Amma da yake sassansa kaɗan ne, kusan babu abin da ke lalacewa sai zobban roba da abin dafa ruwa. Shi ya sa har yau ake samun waɗanda aka ƙera a shekarun 1960 da 1970 suna aiki, waɗansu a hannun 'ya'ya da jikokin waɗanda suka saye su.

Ruwa Da Kayan Gyara

Babban magabcin kowane inji shi ne ruwan da ake zuba masa. Ruwa mai yawan alli, in ya sha zafi, yakan bar farin ɓawo a jikin tukunya, ya toshe ƙananan hanyoyi, ya rufe abin dafa ruwa har ya ƙone. Maganinsa shi ne a tace ruwa, a kuma riƙa wanke cikin injin da sinadarin narkar da alli, tare da lura cewa sanholo ba ya jure wa kowane irin sinadari. Zoben roba da ke bakin kai kuma yakan bushe ya tsage bayan shekara ɗaya ko biyu, ruwa ya fara yoyo ta gefe.

A nan ne ake bambanta ƙira mai kyau da marar kyau. Inji mai kyau da kusoshi ake haɗa shi, zobensa da famfonsa da maɓallansa duk ana sayar da su ɗai-ɗai da kuɗi kaɗan. Marar kyau kuwa an manne shi da gam da haƙoran roba masu karyewa in an taɓa, kuma ladan gyaransa yakan kusa kuɗin sabo, sai ya ƙare a juji saboda ɗan abin da bai kai girman zoben hannu ba. Injunan ƙunshi irin na Nespresso, waɗanda kamfanin Nestlé na Suwizalan ya fara sayarwa cikin 1986, sun sauƙaƙa aiki ƙwarai, to amma mai su ya ɗaure kansa da sayen ƙunshin gahawa muddin yana amfani da su.

Tambayoyin da tsofaffin masu injin gahawa ke yi kafin su fitar da kuɗi uku ne: da wane ƙarfe aka yi cikinsa, ana iya buɗe shi, kuma za a sami kayan gyaransa bayan shekara goma? Ma'aikacin da ke tara albashi domin sayen firji ko keken ɗinki ko babur, da ɗalibin da ke karatun injiniya wanda wata rana zai zana kayan da jama'a za su saya, duka suna iya amfana da waɗannan tambayoyi. Hausawa dai sun riga sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.