HIJIRAR TSUNTSAYE A BAZARA DA BAƘIN DA AKE GANI A GAƁAR BAHAR RUM

An shirya wannan bayani ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda ƙasarsu take da fadama ko tafki ko bakin kogi. Nufinsa shi ne a san inda tsuntsayen da ke cika fadamu da rani suke tafiya idan bazara ta kama, da abin da ke samunsu a hanya, da kuma abin da ake bukata daga shugabannin jama'a game da su.

Tsuntsaye 'yan ci-rani

Kowane manomi ya san shamuwa. Takan iso wajen watan Mayu, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe da damina, sa'an nan ta koma kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Tafiyarta duk cikin Afirka take yi.

Amma akwai wasu baƙin da suke saɓa mata lokaci. Su sukan iso ne da kaka, wajen Satumba da Oktoba, su ci rani a fadamun Haɗejiya da Nguru da bakin Tafkin Chadi da kwarin Sakkwato, su tashi cikin Maris da Afrilu. A cikinsu akwai ƙananan agwagin ruwa, da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu masu kiwo a laka, da tsattsewa, da wata irin kurciya, da farar shamuwa ta Turai, da ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari iri iri. Waɗannan duka a Turai da yammacin Asiya aka ƙyanƙyashe su. Sanyin hunturu ne ke kashe ƙwari ya daskarar da ruwa a can, sai su zo ci-rani, kamar yadda mutum yake barin ƙauyensu bayan girbi ya koma kafin shuka.

Wani masani Bature, R. E. Moreau, a littafinsa da aka buga cikin 1972, ya ƙiyasta cewa tsuntsaye wajen miliyan 5,000 ne ke shigowa Afirka kowace shekara. Wani lissafi da aka yi cikin 2009 ya sa ƙananan tsuntsayen da ke zuwa daga Turai kaɗai a kan wajen miliyan 2,100.

Yadda aka gano hanyarsu

Mutanen Turai sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu ba. Har akwai masu ilmi da suka ɗauka cewa tsattsewa tana nutsewa cikin laka ne ta yi barci. Cikin 1822 aka harbi wata farar shamuwa kusa da garin Klütz, a gaɓar teku ta arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar duka. Har yanzu tana ajiye a Jami'ar Rostock.

Cikin 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe marar nauyi a ƙafa, mai ɗauke da lamba. Duk wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe ya aika da labari, an san ke nan inda ya fito da inda ya kai. A zamanin yanzu an ƙara da wata 'yar na'ura da ake goya wa tsuntsu a baya, tana aika labarin inda yake ta tauraron ɗan'adam. Amma har wa yau zoben bai daina amfani ba.

Shirin tafiya

Tsuntsu ba ya jiran ya ga abinci ya ƙare kafin ya tashi. Jikinsa yana da lissafin lokaci nasa, kuma canjin tsawon yini yana daidaita masa shi. Idan kwanakin tafiya sun ƙarato sai ya duƙufa kan ci, yana tara kitse, domin kitsen shi ne guzurinsa. Cikin bazarar 1967 wasu masana daga Ingila suka zauna a Malam Fatori, bakin Tafkin Chadi, suna kama ƙananan tsuntsaye suna auna su suna saki. Sun tarar suna ƙiba ƙwarai da ƙananan ƙwarin tafki da 'ya'yan itacen asawaki kafin su nufi hamada. Akwai ƙananan tsuntsayen da nauyinsu yake kusan ninkawa kafin tashi.

Abin da ke gabansu ya cancanci wannan shiri. Faɗin Sahara ya wuce mil 1,000, babu ruwa babu abinci. Yawancin ƙanana da dare suke tafiya, da rana su fake a inuwar dutse ko ciyawa. Bayan hamada kuma ga teku. Wanda guzurinsa ya gaza, a rairayi ko a ruwa zai ƙare.

Game da sanin hanya, bincike ya nuna suna duban rana, suna duban taurari, kuma suna jin maganaɗisun duniya. Manya sukan ƙara da sanin ƙasar da suka taɓa bi.

Mashigai uku na Bahar Rum

Ƙananan tsuntsaye suna kaɗa fiffike ne tun daga tashi har sauka, saboda haka sukan ƙetare tekun ta ko'ina. Manya masu faɗin fiffike, kamar shamuwa da shirwa da shaho da ungulu, ba haka suke ba. Su iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa da hantsi suke hawa, su yi ta kewaya har su yi sama, sa'an nan su zurara zuwa gaba. Irin wannan iska ba ta tashi sosai a kan teku. Dalili ke nan da ya sa suke neman wurin da ruwa ya fi ƙunci, su taru a can dubbai.

Na farko shi ne mashigin Jibraltar, tsakanin Maroko da Sifen, inda faɗin ruwa bai wuce mil 9 ba. Ta nan tsuntsayen Afirka ta Yamma da yawa suke shiga Turai. Na biyu shi ne tsinin ƙasar Tunisiya da ake kira Kaf Bon, wanda yake fuskantar tsibirin Sisili. Tsakaninsu wajen mil 90 ne, watau ya fi haɗari. Na uku shi ne hanyar gabas, wadda take bi ta Suwez da Sina'i, ta bi gaɓar Sham, ta ƙetare a Istambul.

A waɗannan wurare mutane sukan zauna a kan tudu da madubin hangen nesa tun daga Fabrairu har Mayu, suna ƙidaya abin da ya wuce kowace rana suna rubutawa. Idan iska mai ƙarfi ta taso daga gabas a Jibraltar, tsuntsayen sukan yi jira a gefen Maroko kwana da kwanaki, ranar da ta kwanta su ƙetare gaba ɗaya.

Baƙin da ba a saba gani ba

Masu ƙidaya sukan ci karo da tsuntsun da ba hanyarsa ba ke nan. Dalilan da aka sani guda huɗu ne.

Na ɗaya, zarcewa. Idan iska mai ɗumi ta biyo daga kudu cikin Afrilu da Mayu, tsuntsu yakan wuce masaukinsa da nisa. Ta haka alhudahuda, wanda mazauninsa a Turai ya fi yawa a kudu, yake sauka a gaɓar kudancin Ingila. Akan ga wajen ɗari a shekara. Haka kuma tsuntsun nan mai launi iri iri mai cin ƙudan zuma. Har ya yi sheƙa a Ingila cikin 1955, da kuma cikin 2022 a gaɓar Norfok.

Na biyu, iska da hadari. Guguwa ko hazo sukan kau da tsuntsu daga hanya, ya faɗa kan tsibiri ko bakin teku a gajiye. Shi ya sa gaɓa ta fi tsakiyar ƙasa samun baƙi: ita ce ƙasar da mai ƙetare ruwa yake fara gani.

Na uku, ƙuruciya. Wani masani na Holan, A. C. Perdeck, ya kama tsuntsaye wajen 11,000 suna cikin tafiyar kaka, ya sa musu zobe, aka kai su Suwizalan a jirgin sama aka sake su. Sakamakon da ya buga cikin 1958 ya nuna manyan sun gyara hanya sun nufi inda suka saba, 'yan bana kuwa suka ci gaba da bin fuskar da suka gada, suka ƙare a kudancin Faransa da Sifen. Watau yaro yana da alƙibla amma bai san ƙasa ba.

Na huɗu, bin ayari. Babbar ungulun nan ta Sahel, wadda wasu ke kira mikiya, ba tsuntsuwar Turai ba ce. Amma tun farkon shekarun 1990 ake ganinta a kudancin Sifen, ta biyo 'yan'uwanta ungulayen Turai da suka ci rani a Afirka ta Yamma. Irinta ce ta yi karo da jirgin sama a saman Abijan cikin 1973, a tsawon ƙafa 37,000.

Ba a karɓar labarin baƙon tsuntsu da baki kawai, gani ya kori ji. A Biritaniya an kafa kwamiti tun 1959 wanda aikinsa shi ne duba irin wannan labari. Sai mai gani ya faɗi rana da wuri da girman tsuntsun da launinsa da kukansa, ya kawo hoto in akwai, kafin a shigar da shi cikin littafi. Amfanin wannan tsanani ya bayyana a kan wani tsuntsun laka mai siririn baki lanƙwasasshe, wanda a da yake cin rani a gaɓar Bahar Rum. Ganinsa na ƙarshe da aka tabbatar shi ne a tafkin Marja Zarga na Maroko cikin Fabrairu 1995. Cikin 2024 masana suka bayyana cewa irinsa ya ƙare a duniya. Rubutun masu ƙidaya ne ya nuna raguwarsa shekara da shekara.

Abin da ya haɗa wannan da ƙasar hakimi

Lafiyar tsuntsun da ake ƙidayawa a Jibraltar a fadamun Sahel take farawa. Cikin bazarar 1969 mutanen Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda. Da aka bincika sai aka tarar ƙarancin ruwan sama na 1968 a Sahel ne sanadi, farin da ya ci gaba har ya halaka dabbobi da mutane cikin 1973. Tsuntsu da makiyayi ruwa ɗaya suke dogara da shi.

Fadamun Haɗejiya da Nguru sun ragu bayan gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Challawa cikin 1992, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa. Cikin 2000 aka sa Tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci, bisa yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Nijeriya da Nijar duka sun shiga yarjejeniyar 1995 ta kiyaye tsuntsayen ruwa masu hijira tsakanin Afirka da Turai da Asiya. A can gaɓar Bahar Rum kuwa, wani bincike na 2016 ya ƙiyasta ana kashe tsuntsaye tsakanin miliyan 11 da miliyan 36 kowace shekara ba bisa doka ba. Idan an tsare su a wani gefe an bar su a ɗayan, wahalar banza aka yi.

Manomi ma yana da riba a cikinsu. Shamuwa da shirwa suna cin fara, tsattsewa tana cin ƙwari masu tashi. Ya kamata a bambanta su da jan-baki, wanda ɗan ƙasa ne, shi ne kuma babban mai ɓarnar gero da dawa da shinkafa.

Abin da ake bukata

1. Hakimi ya sanar da dagatai da masu unguwa da sarakunan ruwa da na maharba cewa duk wanda ya sami tsuntsu mai zobe ko na'ura ya kawo labari. Zoben ba asiri ba ne, ba kuma zinariya ba ne, kuma ba a hukunta wanda ya tsinta.

2. Malamin hakimi ya rubuta duk abin da ke jikin zoben harafi da harafi, da ranar da aka samu, da sunan ƙauyen, da ko tsuntsun yana da rai ko matacce ne, ya aika wa ma'aikatan gandun daji na yankin. Idan tsuntsun yana da rai, a karanta lambar a sake shi da zobensa.

3. Idan an ga tsuntsun da tsofaffin gari ba su sani ba, a rubuta girmansa bisa wani sananne, kamar kurciya ko balbela, da launinsa da siffar bakinsa, a ɗauki hotonsa in ya yiwu. Kada a harbe shi domin shaida.

4. Idan an ga tsuntsaye suna mutuwa da yawa wuri ɗaya, kada kowa ya taɓa ko ya ci, a hana kaji da yara zuwa wurin, a gaya wa likitan dabbobi nan take. Murar tsuntsaye da aka fara tabbatarwa a Afirka a wata gonar kaji ta Jihar Kaduna cikin Fabrairu 2006 tana iya kama mutum.

5. A hana zuba guba a ruwa ko a mushe, da kafa raga a wuraren kwanan tsuntsaye cikin Maris da Afrilu, da sare itatuwan bakin fadama waɗanda suke ci kafin tafiya.

Hakimin da ya sa malaminsa ya riƙa rubuta ranar isowar baƙin nan da ranar tashinsu kowace shekara, zai bar wa ƙasarsa littafin da masana da ma'aikatan gona za su nema nan gaba.