Daga kaset zuwa rumbun na'ura: Yadda ake naɗar shirin talabijin a gida, da abin da ke shirin salwanta

Bayan sallar Isha'i a garin Kanya Babba da ke ƙaramar hukumar Babura a Jihar Jigawa, akan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fito da akwatin talabijin. Yaran maƙwabta su cika wurin. Shirin ya kai daidai inda aka yi mako guda ana jira, sai wuta ta ɗauke.

Wani lokacin kuma wutar tana nan, mai kallon ne ba ya nan. Yana gona da damina, ko yana kasuwa, ko ya tafi ci-rani. A watan azumi tafsirin da yake bi ya zo daidai da lokacin da uwargida ke fama da tukunyar buɗa-baki.

Haka lamarin yake a Kazaure da Roni da Gwiwa. Tasha tana da lokacinta, wuta tana da nata, mai gida ma yana da nasa, kuma ba kasafai ukun suke haɗuwa ba. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa, har da Jigawa, sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta.

Wannan ne ya sa naɗar shiri a ajiye shi ba sabon buri ba ne. Abin da ya canza shi ne abin da ake naɗa a kai.

Zamanin kaset

Kamfanin Sony na Japan ya fito da Betamax a 1975, JVC ya biyo baya da VHS a 1976, kuma VHS ɗin ne ya ci kasuwa. A Amurka sai da kamfanonin fim suka kai ƙara, har Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a 1984 cewa naɗar shiri a gida domin a kalla daga baya ba laifi ba ne.

A ƙasar Hausa kaset ya yi fiye da haka. A kansa masana'antar Kannywood ta tsaya, tun daga fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990. A kansa aka ɗauki bukukuwan aure da saukar karatu da hawan sallah a Kazaure da Ringim. A kansa wasu suka naɗi wasannin Samanja da na Ƙasimu Yero daga talabijin.

Amma kamfanin Funai, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar kunna kaset, ya daina a watan Yulin 2016. Duk wadda ta lalace yanzu, sai dai a ciro kayan gyara daga wata matacciyar.

Rumbu da buhu

Faifan DVD ya shiga kasuwa a 1996. A ƙarshen 1999 kamfanin Pioneer ya fito da na'urar naɗa a kan faifan, a shekarar da TiVo ya fara sayar da akwatin da ke naɗar shiri a kan had-dis a Amurka. Ba a jima ba kamfanoni irin su Panasonic da Sony da LG suka haɗa biyun a akwati ɗaya.

Manomi zai fi kowa gane yadda take aiki. Had-dis ɗin da ke cikin na'urar rumbu ne: duk abin da aka naɗa nan yake fara zuba. Faifan DVD kuma buhu ne: abin da ake son ajiyewa ko bai wa wani, shi ake aunawa a ɗure a ciki.

Faifai mai shafi ɗaya yana ɗaukar gigabayit 4.7. Idan aka zaɓi tsarin XP, mai hoto mafi kyau, awa ɗaya kawai zai ci. SP awa biyu, LP awa huɗu, EP kuwa awa shida ko fiye, amma hoton yakan dusashe, musamman a wasan ƙwallo inda motsi yake da yawa. Rumbu mai gigabayit 160 yana ɗaukar kusan awa 70 a tsarin SP.

Amfanin rumbun shi ne ana iya tsayar da shirin da ake yi kai tsaye a je a yi sallah, a dawo a ci gaba daga inda aka tsaya. Ana iya saita rana da lokaci na'urar ta naɗa da kanta. Ana kuma iya yanke tallace-tallace kafin a juye shirin a faifai.

Faifan ma iri-iri ne. DVD-R sau ɗaya ake rubutu a kansa, DVD-RW kuwa ana gogewa a sake. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mantawa da rufe faifai bayan an gama, wato danna inda aka rubuta Finalize. Faifan da ba a rufe ba yakan yi a na'urar da ta naɗe shi, amma ya ƙi yi a gidan maƙwabci.

Kafin a sayi ta hannu

Yawancin kamfanoni sun daina ƙera irin wannan na'ura, don haka wadda za a samu a kasuwannin Kano, kamar Sabon Gari, galibi ta hannu ce da aka shigo da ita daga Turai. Tsugune ba ta ƙare ba don an same ta da araha.

Na farko, a duba wutar da take sha. Najeriya na amfani da bolt 230. Wadda aka ƙera don Amurka ko Japan tana shan 120 ko 100, kuma sa ta a soket kai tsaye na iya ƙona ta nan take. Tsarin hotonsu ma NTSC ne, na Najeriya kuwa PAL.

Na biyu, yawancin tsofaffin na'urorin tashoshin analog kawai suke kamawa da eriya. Najeriya na ƙaura zuwa dijital, duk da cewa tafiyar ta hawainiya ce: ta gaza cika wa'adin duniya na 17 ga Yunin 2015, ta ƙaddamar a Jos a watan Afrilun 2016, sannan a Kano a watan Nuwamban 2021. A karkara kuwa, yawancin masu talabijin da kwanon dish da dikoda suke kallo.

Mafita ita ce a haɗa dikoda da na'urar ta wayoyin nan uku, rawaya da fari da ja. Sai dai tashar da dikodar take kai ita kaɗai za a naɗa. Idan yaro ya ɗauki rimot ya koma tashar katun, katun ɗin za a tarar.

Na uku, a gwada ta a shago: a naɗi minti biyar a rumbu, a juye a faifai, a rufe, a kunna a wata na'urar. Idon da ke rubutu a faifai yana cikin abubuwan da suke fara gajiya.

Wuta, zafi da ƙura

Gaskiyar da mai saye ya kamata ya sani ita ce, na'urar naɗa ba ta maganin rashin wuta. Ita ma wutar take ci. Idan aka ɗauke ana tsakiyar rubutu a faifai, faifan ya tashi daga aiki. Wasu na'urorin kuma agogonsu yakan rikice idan suka daɗe babu wuta, sai lokacin da aka saita ya wuce ba su naɗi komai ba.

Abin da ke taimakawa shi ne ba sai talabijin na kunne ake naɗa ba. Ƙaramin batirin sola da inbata suna iya riƙe dikoda da na'urar, a bar kallon sai an samu wuta ko an tayar da janareto.

Had-dis faranti ne da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, allurar karatu na shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Girgiza ko faɗuwa yana cikin aiki na iya kashe shi. Zafin watan Afrilu, da kan haura digiri 40 a wannan yanki, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, duk suna rage masa kwana. A ɗora na'urar inda iska ke shiga, kada a lulluɓe ta da zane tana aiki.

Akwai kuma wani tarko: yawancin na'urorin suna rubutu a rumbunsu da tsarin da kwamfuta ba ta karantawa cikin sauƙi. Idan na'urar ta mutu, abin da ke ciki na iya tafiya da ita. Don haka rumbu wurin sauka ne, ba wurin zama ba.

Hanyar da ta fi sauƙi yau

Dikodojin dish na kyauta da yawa suna da ramin filas. A sa filas ko ƙaramin had-dis, a danna jan maɓallin rimot, shirin Arewa24 ko na Sunnah TV ya shiga ciki da ingancin da ya zo. Had-dis mai terabayit ɗaya yana ɗaukar abin da faifai sama da 200 za su ɗauka. Daga nan ana iya turawa a waya ko memori.

Dikodojin kamfanonin biyan kuɗi, kamar Explora ta DStv da ta fito a 2013, su ma suna naɗa, amma abin da suka naɗa a kulle yake, a cikinsu kawai ake kallo.

Gaskiya ne cewa shirye-shirye kamar Labarina da Izzar So suna YouTube. Amma kallo a intanet data yake ci, kuma a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Abin da aka naɗa sau ɗaya kuwa, gida guda zai kalla sau goma ba a biya sisi ba.

Sai dai akwai iyaka. Ajiyewa domin kallon iyali daban, bugawa a sayar daban. Na biyun satar fasaha ne a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma satar fasahar tana cikin abubuwan da suka durƙusar da kasuwar faifan fim a Ƙofar Wambai.

Abin da babu shi a YouTube

Babban aikin da ya rage wa tsohuwar na'urar DVD shi ne ceto. Ana haɗa ta da na'urar kaset ta wayoyin nan uku, a kunna wannan, a naɗa a waccan. Babu gajeriyar hanya: kaset mai awa uku awa uku zai ci. Wanda ya yi fumfuna kada a sa shi kafin a goge, domin zai ɓata kan na'urar. Bayan an juye, kada a zubar da na asali.

Faifan ma ba dawwamamme ba ne. Rini ne a jikinsa, rana da zafi suna cinye shi. Masu adana kayan tarihi suna ba da shawarar kwafi uku, a kan abubuwa iri biyu, ɗaya a wani gidan daban.

Kada kuma a ɗauka tashoshi sun ajiye komai. BBC da kanta ta goge kaset ɗin shirye-shiryenta da dama domin sake amfani da su. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na shirinta Doctor Who da suka ɓata, kuma a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos aka same su. A Amurka, wata mata mai suna Marion Stokes ta yi shekara fiye da 30 tana naɗar labaran talabijin a gidanta har ta rasu a 2012. Ta bar kaset kusan 70,000, waɗanda aka miƙa wa cibiyar Internet Archive.

Babu wanda zai zo daga Landan neman kaset ɗin bikin da aka yi a Kanya Babba a 1998. Amma a cikinsa akwai kakar da ta riga mu gidan gaskiya tana guɗa, da tsohon masallacin unguwa kafin a sake gina shi, da yaran da yanzu su ne iyaye. Yana can ƙasan akwati ko bayan jeren kwanuka, damina na zuwa tana wucewa a kansa. Na'urar da za ta iya kunna shi kuma kullum ƙara wuyar samu take yi.