Ƙwallon da Aka Jefa da Hannu

Mai karatu, ka tuna inda kake ranar Lahadi, 11 ga Yulin 2010? Wataƙila kana gidan kallo kana jiran Sifaniya da Holand su raba raini a wasan ƙarshe na Kofin Duniya. To, 'yan sa'o'i kafin wannan wasa, a filin Croke Park da ke birnin Dublin na ƙasar Ailan, an yi wani wasan ƙarshe da ya tashi da alƙali a tsakiyar 'yan sanda.

Ba ƙwallon da ka saba gani ba ne. Wasan gargajiyar mutanen Ailan ne, ƙwallon Gelik, wanda hukumar GAA ke kula da shi tun 1884. Mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, ana kama ƙwallo da hannu ana kuma buga ta da ƙafa. In ta shiga raga maki uku ne, in ta bi ta saman sanda tsakanin dogayen turaku maki ɗaya. Ba a biyan 'yan wasa albashi, ba a kuma cinikinsu. Malami ne, manomi ne, ma'aikacin banki ne, kowa yana buga wa gundumarsu. Doka ɗaya nake so ka riƙe: an yarda ka doki ƙwallo da dunƙulen hannu, amma jifa da ita haramun ne. Ka riƙe ta sosai, za ka buƙace ta.

Louth ita ce gunduma mafi ƙanƙanta a duk ƙasar. Rabonta da kofin lardin Leinster tun 1957, rabonta da ko zuwa wasan ƙarshe tun 1960. A 2010 ta doke Longford, ta doke Kildare, ta doke Westmeath, sai ga ta gaba da gaba da maƙwabciyarta Meath, wadda ta zura wa Dublin ƙwallo biyar a raga a wasan kusa da na ƙarshe. Maƙwabtakar ba ta nesa ba ce. Unguwannin garin Drogheda sun malala har cikin Meath, kasuwa ɗaya ake ci, ana auratayya. Wanda ya sha kashi ba shi da wurin ɓuya.

Minti saba'in suka cika, aka shiga ƙarin lokaci, Louth na da maki 13, Meath na da 12. Dattawan da suka ga 1957 suna yara sun fara miƙewa tsaye. Sai Meath ta cilla wata doguwar ƙwallo gaban raga. Seamus Kenny ya buga, kyaftin ɗin Louth, Paddy Keenan, ya yi kukan kura ya tare da jikinsa. Ƙwallo ta yi sama, 'yan bayan Louth suka kasa cafke ta, ta faɗa hannun Joe Sheridan, wani ƙaton ɗan gaba na Meath. Ya faɗi a bakin raga, ya mirgina da ita ya haye layi, sannan ya jefa ta ciki. Ka tuna dokar nan?

Duk wanda ke gaban talabijin ya gani. Alƙalin wasa Martin Sludden, mutumin gundumar Tyrone, ya nufi mataimakansa masu farin kwat da ke gefen raga, ga 'yan Louth sun yanyame shi suna roƙo ya tambaye su abin da suka gani. Bai tsaya dogon bincike ba. Aka ɗaga koriyar tuta, alamar ƙwallo ta ciwu, jim kaɗan ya busa tashi. Meath 15, Louth 13.

Nan fa magoya baya suka ɓarke cikin fili, wasu suka yi kan alƙali suna ture shi suna kai masa hannu. Yanzu sa kanka a matsayin kocin Louth, Peter Fitzpatrick. Mutumin da ya raba ka da kofin da aka yi shekara 53 ana jira ga shi a gabanka, mutanenka na neman cin ƙaniyarsa. Me za ka yi, mai karatu? Ka kau da kai ka ce shi ya jawo wa kansa? Fitzpatrick shiga tsakani ya yi, yana tunkuɗe nasa mutanen, har 'yan sanda suka fice da alƙalin. Ba wai ya huce ba ne, don da ya fito gaban 'yan jarida fashi da tsakar rana ya kira abin. Daga baya kotu ta ci tarar mutum biyu kan taɓa alƙalin.

Sludden ya rubuta rahotonsa ya amsa cewa ya yi kuskure. Sai dai dokar GAA ta ce da zarar alƙali ya rubuta sakamako, bakin alƙalami ya bushe, hukuma ba ta da ikon tilasta a sake wasa. Ƙofa ɗaya ta rage, ita ce Meath da kanta ta yi tayin a sake. An taɓa yin haka a wannan lardi: a 1995 Laois ta ba Carlow damar sake wasa saboda wani maki da aka ƙirga mata alhali ƙwallon waje ta bi.

Ga inda labarin ya fi ba ni dariya. Wata takwas kacal kafin nan, a Nuwamban 2009, Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu a Paris, Faransa ta ci, ta hana Ailan zuwa Kofin Duniya a Afirka ta Kudu. Ailan gaba ɗaya ta ɗauki kuka tana neman a sake wasa, FIFA ta ce faufau. Yanzu ga hannu ya yi aiki a cikin gida. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To kai fa, da kai ne Meath? Kofi na hannunka, an yi hotuna, an sha biki. Sheridan na cewa ture shi aka yi, da ma fanareti ya kamata a ba su. Ba ku kuka busa usur ba. Za ka mayar da kofi ka ce a sake? Kar ka yi saurin amsawa, faɗa da baki ya fi sauƙi. Ni dai ina ganin hukumar ce ta fi kowa laifi, da ta ɗora wa 'yan wasan sa-kai nauyin da ita ta kasa ɗauka. Cikin kwana biyu Meath ta ba da amsa: ba za a sake ba.

Kofin bai yi musu albarka ba. Kildare, wadda Louth ta doke tun farko, ita ta fitar da su a wasansu na gaba a gasar ƙasa baki ɗaya, kuma kafin shekara ta ƙare aka sauke kocinsu Eamonn O'Brien. Fitzpatrick kuwa, a 2011 mutanen Louth suka zaɓe shi ɗan majalisar ƙasa. Daga nan Dublin ta kafa sarauta, ta ci kofin Leinster sau 14 a jere, daga 2011 zuwa 2024. Sau biyu, a 2023 da 2024, Louth ta kai wasan ƙarshe Dublin ta koro ta.

Wa kake tsammani ya karya Dublin a 2025? Meath, kuma a wasan kusa da na ƙarshe, kamar dai 2010. Wa ta tarar yana jiranta a Croke Park ranar 11 ga Mayu? Louth.

Sama da mutum dubu sittin da biyar suka cika filin. Louth ta zura uku a raga kafin hutun rabin lokaci, amma Meath ta farfaɗo, ta ci tata, ta wuce gaba ana saura 'yan mintuna. Zuciyar 'yan Louth ta tsinke, kowa ya tuna. Sai kyaftin Sam Mulroy ya sami bugun tazara daga nesa, irin wanda sabuwar dokar shekarar ta mayar maki biyu, ya aika da ita tsakanin turaku. Craig Lennon ya ƙara ɗaya. Bayan shekara 68, Mulroy ya ɗaga kofin.

Lissafa da kanka, mai karatu. A 2010 Meath ta ci da 15 da 13. A 2025 Louth ta ci da 23 da 21. Tazarar maki biyu ce, babu ƙari babu ragi.