Kayan kwamfuta masu buɗaɗɗen kwali: Inda arahar take da inda haɗarin yake

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa ragamar ƙayyade darajar Naira, farashin kayan kwamfuta ya yi tashin gwauron zabo. Dalar da ake canzawa a kan kimanin Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, alhali kusan duk abin da ke cikin kwamfuta daga waje ake shigo da shi. Ana cikin haka kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar Windows 10 daga ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar tsofaffin na'urori da dama, lamarin da ya sa ofisoshi da masu shagunan buga takardu neman sabunta kayan aikinsu.

Wannan matsi ne ya sa hankalin wasu 'yan kasuwa a titin Beirut da Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, har da ma'aikatan da ke son haɗa kwamfutar kansu, ya karkata ga wani sashe na manyan shagunan intanet na Amurka da Turai. A wannan sashe ake sayar da kayan da wani ya saya ya mayar, a kan farashin da bai kai na sabo ba. Rangwamen gaskiya ne, sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa. Abin da ke kare mai sayen irin waɗannan kaya shi ne damar mayar da su, kuma ita ce damar da ta fi saurin kuɓuce wa wanda ke zaune a Najeriya.

Mene ne buɗaɗɗen kwali?

Kaya iri uku ne ake yawan cakuɗa sunayensu. Na farko shi ne mai buɗaɗɗen kwali, wanda 'yan kasuwa ke kira "ofin boks". Wani ne ya saya, ya yage hatimin kwalin, sannan ya mayar wa shago cikin wa'adi. Mai yiwuwa ko fito da shi bai yi ba, mai yiwuwa kuma ya yi mako uku yana aiki da shi. Na biyu shi ne gyararre, wato wanda aka bincika, aka gyara idan da matsala, aka kuma ba shi gajeren garanti. Na uku shi ne na hannu, wanda aka fi sani da tokumbo, da ya yi watanni ko shekaru a wurin wani.

Shagon Amazon ya raba su gida biyu. Kayan da aka mayar suna ƙarƙashin Amazon Resale, wanda kafin 2024 ake kira Amazon Warehouse, kuma an kasa su mataki huɗu, daga mai kama da sabo zuwa wanda ya sha jiki amma yana aiki. Gyararrun kuwa suna ƙarƙashin Amazon Renewed, mai garantin kwana 90 a Amurka. Shagunan Newegg da Best Buy da Micro Center su ma kowanne yana da nasa sashen.

Abin lura shi ne, matakan sun fi bayyana yadda jikin kaya da kwalinsa suke. Ba su tabbatar da cewa an haɗa kayan a kwamfuta an gwada su na tsawon sa'o'i ba.

Me ya sa ake mayar da su?

A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya, doka ta ba wanda ya yi sayayya ta intanet kwana 14 ya fasa cinikin ba tare da ya faɗi dalili ba. A Amurka shagunan ne ke tsara wa'adinsu, kuma Amazon na ba da kwana 30 a kan yawancin kayansa. Saboda haka kaya masu yawa na komawa lafiyarsu ƙalau: wani ya sayi abin da bai dace da kwamfutarsa ba, wani ya samu mai araha a wani wuri, wani kuma ya sauya ra'ayi ne kawai. Irin waɗannan su ne ribar mai neman rangwame.

Sai dai a cikin tarin akwai wasu iri biyu. Akwai kayan da ke da matsalar da ba ta bayyana sai an jima ana aiki, kamar kwamfuta ta riƙa mutuwa idan ta ɗauki zafi. Ma'aikacin da ya kunna ta na ɗan lokaci ba zai ga komai ba. Akwai kuma na 'yan damfara, waɗanda ke cire sabon kaya su mayar da tsoho ko na jabu a cikin kwalin. Daga hoton da ke shafin shago, babu yadda za a bambance waɗannan da masu lafiya. Ciniki ne na biri a sama.

Darasin da aka koya a 2022

A watan Fabrairun 2022, Steve Burke, mai tashar Gamers Nexus da ke nazarin kayan kwamfuta a YouTube, ya bayyana yadda ya sayi babban allon kwamfuta, wato madabod, na kimanin Dala 500 daga Newegg. Da ya ga ba ya buƙatarsa, sai ya mayar ba tare da ya buɗe ƙunshin ba. Shagon ya ƙi biyan sa, bisa hujjar cewa alluran da ke gurbin furosesa sun lanƙwashe.

Bayan maganar ta yaɗu, shagon ya mayar masa da kuɗinsa, ya kuma aika masa da allon. A jikinsa aka ga takardar da ke nuna cewa tun kafin a sayar masa, shagon ya taɓa aika allon ga kamfanin Gigabyte da ya ƙera shi saboda wannan lahani, aka dawo da shi ba a gyara ba. Newegg ya nemi afuwa, ya kuma sassauta ƙa'idar karɓar irin waɗannan kaya.

Wanda wannan ya faru da shi yana zaune a Amurka, ga ɗimbin masu kallon tasharsa, amma sai da aka kai ruwa rana kafin ya karɓi haƙƙinsa. Ɗan kasuwar da ke Kano ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Inda wa'adi ke ƙarewa a hanya

Yawancin kayan da ke wannan sashe ba a aiko su Najeriya kai tsaye. Mai saye kan ba da adireshin wani kamfanin dakon kaya da ke Amurka ko Birtaniya, shi kuma ya tara su ya turo. A wurin shago, ranar da kaya suka isa wancan adireshi ita ce ranar da mai saye ya karɓa, kuma daga nan kwanakin ke fara ƙirguwa.

Kayan kan yi kwanaki a ɗakin ajiya ana jiran a cika lodi. Jirgin sama kan ci mako ɗaya zuwa biyu idan an haɗa da binciken kwastam, na ruwa kuwa ya kan haura wata guda. Daga Legas sai an sake yin webil zuwa Arewa. Kafin kwali ya iso shago, kwana 30 ɗin sun ƙare ko sun kusa. Ko da saura, kuɗin mayar da kaya ɗaya zuwa Amurka na iya cinye rangwamen gaba ɗaya.

Akwai ƙarin tarnaƙi. Tsarin mayar da kuɗi na eBay ya cire kayan da aka bi da su ta hannun kamfanin dako na daban. Amazon ma ba ya ɗaukar alhakin abin da ya sami kaya bayan an miƙa su ga irin wannan kamfani, kuma ya bayyana cewa kayan Resale galibi ba su zuwa da garantin masana'anta. Kamfanoni da dama na taƙaita garantinsu ga wanda ya fara saye, ko ga yankin da aka sayar da kayan.

Mafita ɗaya ce mai ƙarfi: a gwada kayan tun suna can. Wanda ke da ɗan'uwa ko amintaccen wakili da zai buɗe, ya haɗa, ya gwada kafin a turo, shi ne ke cin moriyar wa'adin. Wasu kamfanonin dako na ɗaukar hoton abin da ke cikin kwali idan an biya, wanda ke iya tona musanya ko karaya, amma ba ya nuna ko kayan na aiki.

Ba duk kaya ne haɗarinsu ɗaya ba

Akwatin kwamfuta da fankoki da ƙarfen sanyaya furosesa su ne mafi sauƙi, domin ido na ganin lahaninsu. Abin dubawa kawai shi ne ko kusoshi da maƙalai sun cika.

RAM ba ta cika lalacewa ba, kuma gwajinta a bayyane yake. Manhajar MemTest86 na bin ta lungu-lungu na tsawon sa'o'i, kuskure ko ɗaya ya isa a ƙi ta.

Furosesa ma mai ƙarko ce, sai dai da togaciya. A 2024 kamfanin Intel ya amince cewa wasu furosesocinsa na kwamfutar tebur, zubi na 13 da na 14, suna jan wutar da ta wuce kima har su raunana, kuma wadda ta riga ta raunana ba ta komawa daidai. Kamfanin ya ƙara wa garantinsu shekara biyu, amma wanda ba shi da hanyar cin moriyar garantin ya yi hattara. Manhajar CPU-Z na nuna ainihin sunan furosesa, ko da an sauya rubutun da ke bayanta.

Faifan ajiya, SSD ne ko mai juyawa, yana rubuta tarihin kansa. Manhajar CrystalDiskInfo na nuna sa'o'in da ya yi a kunne da kuma lafiyarsa. Duk da haka ana iya goge wannan tarihi. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta heise da ke Jamus ta ruwaito yadda aka sayar wa mutane faya-fayan Seagate a matsayin sababbi, alhali sun yi dubban sa'o'i suna aiki. Wani kundin bayanai na biyu da ke cikinsu, mai suna FARM, shi ya tona asirin. Kamfanin ya ce ba daga hannunsa kayan suka fito a haka ba. Ofishin da zai ɗora bayanan albashi ko na kwastomomi a kan faifai, bai kamata ya nemi araha a nan ba.

Katin hoto yana buƙatar a matsa masa aiki mai nauyi na tsawon lokaci, ana lura da zafinsa da ƙarar fankarsa da ko hoto na yayyagewa.

Madabod ya fi kowa haɗari. Gurbin LGA1700 na Intel na ɗauke da allurai 1,700, na AM5 na AMD kuma 1,718, kowace siririya kamar gashi. Guda ɗaya ta lanƙwashe na iya hana kwamfuta tashi ko ta kashe ramin RAM, kuma masana'antu ba su cika ɗaukar wannan a cikin garanti ba.

Akwatin wuta, wato fawa-fak, shi ne wanda idan ya lalace yakan tafi da wasu. A masu wayoyin da ake cirewa, wayar wani kamfani ba ta zama daidai da ta wani ko da bakinsu ya shiga, kuma kwalin da aka mayar na iya zuwa da wayoyin da ba nasa ba. Sannan wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, ta Najeriya 230, don haka a tabbatar an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsa kafin a jona.

Yadda lissafin yake

A ƙaddara ɗan kasuwa ya sayi madabod biyar a kan Dala 160 kowanne, maimakon Dala 200 na sabo. Ya rage Dala 200 ke nan. Idan ɗaya ya zo a mace kuma babu halin mayarwa, Dala 160 ta tafi, ga kuɗin dakonsa da na kwastam. Abin da ya saura bai taka kara ya karya ba. Idan biyu ne, garin neman ƙiba an samo rama.

Saboda haka ƙaramin rangwame bai isa dalilin barin sabo ba. Kafin a biya, a karanta wa ke sayarwa, shagon da kansa ne ko wani ɗan tireda da ya raɓe a shafinsa, a duba kwanakin mayarwa, a kuma adana rasit da hoton bayanin kayan. Idan kwali ya iso, a ɗauki bidiyon buɗe shi, a gwada lambar shaidar da ke jikin kayan da ta kwali.

Haƙƙin wanda za a sayar wa

Ɗan kasuwar da ya shigo da irin waɗannan kaya shi ma akwai nauyi a kansa. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta wajabta bayyana wa mai saye idan kaya na hannu ne ko gyararre, ta kuma ba shi damar mayar da kayan da ke da lahani. A fiƙihun Musulunci ma ɓoye aibin haja haramun ne, kuma wanda ya gano aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin warware cinikin.

Wannan doka ba ta kai ga shagon da ke Amurka, amma tana kai wa ga shagon da ke Kano ko Abuja. Shi ya sa ga ma'aikacin da ke neman RAM ɗaya ko faifai ɗaya, sau da yawa ya fi kwanciyar hankali ya saya a hannun ɗan kasuwar gida da zai gwada a gabansa, ya rubuta masa kwanakin garanti a kan rasit, ko da farashin ya ɗan ɗara. Shi kuwa mai shigo da kaya da yawa, ribarsa tana ga samun wanda zai gwada masa su kafin su bar ƙasar da aka saye su.