Motar iyali da kuɗi kaɗan: a karanta takarda kafin a kalli fenti



Duk gidan da ya ƙaru, maganar mota kan taso. Ga yara uku ko huɗu, ga keken jariri, ga cefanen wata, ga baƙin da ake ɗaukowa daga filin jirgin Roissy da manyan jakunkuna, ga suna ko ɗaurin aure a Lyon. Ƙaramar mota ba ta ɗauka, sabuwa kuma ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, sai a nufi ta hannu. A nan ne kuɗin mutane ke salwanta. A gida mun saba duba jikin mota, mu saurari ƙarar inji, mu yi ciniki. A Faransa kuwa takardar mallakar mota, wadda muke kira kart-giriz, ita ce ke fara faɗa muku ko motar za ta amfane ku. Kafin ku tashi zuwa ganin mota, ku roƙi mai ita ya turo hoton wannan takarda.

Kujeru nawa kuke buƙata?

A layin S.1 na kart-giriz an rubuta yawan mutanen da motar za ta ɗauka, har da direba. Dokar nan ba ta san ɗora yaro a cinya ba, ba ta san yara biyu a bel ɗaya ba. Kowa da mazauninsa, kowa da bel ɗinsa, kuma yaron da bai kai shekara 10 ba sai da kujerar yara daidai girmansa. Tarar saɓa wa wannan Yuro 135 ce, ban da haɗarin ran yaron, wanda ba kuɗin da zai biya shi.

Idan uba da uwa da yara uku ne, kujera biyar ta isa, amma ku gwada ko kujerun yara uku za su jeru a baya. A motoci da yawa mazaunin tsakiya ƙunci ne da shi. Waɗanda ke da mazauni uku daban-daban a baya su ne irin Citroën C4 Picasso, Peugeot 5008, Renault Scénic da Volkswagen Touran. Idan kun haura biyar, sai mai kujera bakwai: Grand Scénic, Grand C4 Picasso, 5008, Opel Zafira, ko Dacia Lodgy da aka ƙera daga 2012 zuwa 2022, ko Dacia Jogger da ta gaje ta. Dacia ba ta da ƙyale-ƙyale, amma tana da sauƙin kuɗi da sauƙin gyara.

Abu ɗaya da masu talla ba sa faɗa: idan aka ɗaga kujeru biyu na can baya, but ɗin ya kusa ƙarewa. Mutum bakwai da jakunkunansu ba za su shiga lokaci ɗaya ba. Ku je ganin mota da keken jaririnku, ku sa shi a but ku rufe. Gani ya kori ji. Masu sarin tufafi a shagunan sari na Aubervilliers kuma, su duba Renault Kangoo, Citroën Berlingo ko Peugeot Rifter. Rufinsu na da tsawo, ƙofar gefe jan ta ake yi, wanda ke taimakawa wajen sauke yara a matsattsen titi.

Shekarar mota da lambar Crit'Air

Aubervilliers na cikin zoben babbar hanyar A86, wato cikin yankin da aka taƙaita wa motoci masu hayaƙi yawo. Kowace mota tana da lambar Crit'Air da ake liƙawa a gilashi, kuma shekarar da aka fara yi mata rajista, wadda ke layin B na kart-giriz, da irin man da take sha, su ne ke nuna lambar. Mai fetur daga 2011 zuwa yau lamba 1 ce, daga 2006 zuwa 2010 lamba 2, daga 1997 zuwa 2005 lamba 3. Mai dizal daga 2011 zuwa yau lamba 2 ce, daga 2006 zuwa 2010 lamba 3, daga 2001 zuwa 2005 lamba 4.

An hana lamba 4 yawo a yankinmu tun Yunin 2021. Daga 1 ga Janairun 2025 hanin ya hau kan lamba 3, Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare, duk da cewa an mai da shekarar ta faɗakarwa ba tare da tara ba. A Lyon da Villeurbanne ma an hana lamba 3 daga wannan rana, kuma a can hanin dare da rana ne, har Asabar da Lahadi. A watan Mayun 2025 'yan majalisar dokokin ƙasa sun kaɗa ƙuri'ar soke waɗannan yankuna, saboda haka ku duba matsayin dokar a ranar da za ku yi ciniki. Amma ko yaya ta kaya, wanda ya sayi lamba 1 ko 2 hankalinsa a kwance yake, har a ranakun da hayaƙi ya yi yawa aka taƙaita zirga-zirga.

Wannan shi ne sirrin arahar manyan motocin dizal na 2007 ko 2009 da suka cika Leboncoin. Masu su gudun lambar suke yi. Araha ba ta ado. Ita kanta takardar liƙawar ba ta kai Yuro 4 ba a shafin gwamnati. Duk shafin da ya nemi fiye da haka ɗan kamasho ne ko ɗan damfara.

Fetur ko dizal?

Ku tambayi kanku ina motar za ta riƙa zuwa. Dizal na zamani yana da matatar hayaƙi da ke wanke kanta idan an yi doguwar tafiya da gudu. Idan aikin motar kai yara makaranta ne da zuwa kasuwar Quatre-Chemins, matatar kan toshe, gyaranta kuma da tsada. Ga cunkoso, ga titin zoben Paris da aka mayar kilomita 50 a awa tun Oktoban 2024. Mai irin wannan zirga-zirga fetur ya fi masa. Wanda kuwa ke bin A6 zuwa Lyon a kai a kai, kusan kilomita 460, dizal na 2011 zuwa sama zai rage masa kuɗin mai.

Akwai injina biyu na fetur da aka yi ta ƙorafi a kansu a Faransa. Na farko 1.2 PureTech na Peugeot da Citroën, wanda bel ɗin cikin injinsa ke jiƙe cikin mai yana ruɓewa da wuri, har kamfanin ya kira motoci da yawa gyara. Na biyu 1.2 TCe na Renault da Dacia na shekarun 2012 zuwa 2016, mai shan baƙin mai fiye da kima. Idan motar na ɗauke da ɗayansu, kada ku biya sai kun ga rasit na kowane sabis da aka yi mata.

Kuɗin da ke biyo bayan ciniki

Idan Yuro 8,000 kuka tara, ta adashi ko ta ajiya, kada ku sayi motar 8,000. Ku nemi ta 6,500, ku bar saura. Ga dalili. Canza kart-giriz zuwa sunanku ana lissafa shi da lambar da ke layin P.6. A 2025 kowace ɗaya Yuro 54.95 ce a yankin Paris, wato mai lamba 6 ta kama kusan Yuro 330. Motar da ta haura shekara 10 rabi ake biya. Sai inshora, wadda dole ce tun ranar da kuka karɓi makulli. Sabon direba yana biyan ƙari sosai, don haka matasa su nemi farashin inshora kafin ciniki, ba bayansa ba. Tuƙi babu inshora tararsa na iya kai Yuro 3,750. Sai taya, birki da canjin mai, waɗanda motar hannu kan nema tun watannin farko.

Nauyi ma kuɗi ne. Tun 1 ga Oktoban 2024, mai zuwa Paris da motar fetur ko dizal da ta haura tan 1.6 yana biyan ninki uku na kuɗin ajiye mota a titi, har Yuro 18 a awa a tsakiyar birni. Manyan motocin da matasa ke sha'awa da yawa sun faɗa nan. Shiga Paris dai ga layi na 7, ga na 12 da ya iso Mairie d'Aubervilliers tun 2022. A bar mota don hidimar iyali.

Ranar ciniki

Motar da ta haura shekara huɗu, dole mai sayarwa ya ba ku takardar gwajin lafiyar mota, kontirol teknik, wadda ba ta wuce wata shida ba. Ku karanta ta layi-layi. Dole ya ba ku takardar da ke nuna babu bashi ko hani a kan motar, wadda ba ta wuce kwana 15 ba. Ku nemi ya turo rahoton HistoVec, shafin gwamnati ne kuma kyauta ne. Yana nuna yawan hannun da motar ta bi, da manyan haɗurra, da kilomitan da aka rubuta a gwaje-gwajen baya, ta yadda za a gane idan an mayar da mita baya. Sunan da ke kart-giriz ya zama shi ne na katin shaidar mai sayarwa. Wanda ya ce ta ƙanensa ce, ko bai samu lokacin canza suna ba, ku yi masa sallama. Bayan ciniki wata ɗaya gare ku ku canza takardar a shafin ANTS.

Kada ku tura kafin alƙalami kan motar da ba ku gani ba. Ku je da rana, ku je da bakanike, ku tayar da injin yana sanyi. Saye a gareji ya fi tsada, amma doka ta ɗora wa ɗan kasuwa garanti. Tsakanin mutum da mutum, neman haƙƙi na da wuya. Ko da ɗan zango ne ke sayarwa, a cika takardu duka. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke tsare zumunci.

Matasa, wannan aikinmu ne. Iyayenmu da yawa sun fi mu sanin inji, mu kuma mun fi su sabawa da Faransanci da intanet. Idan Baba ko Hajiya za su sayi mota, mu zauna da su mu karanta takardun tare kafin kuɗi ya fita. Allah Ya ba da mai albarka, Ya kiyaye hanya.