Jaririn da ba a ƙirga ba

Duk bayan shekaru biyar ko kusa da haka, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa kan tura ma'aikata gidajen da aka zaɓo, suna tambayar mata: haihuwa nawa kika yi, nawa ke raye, wanda ya rasu yana da wata nawa? Daga amsoshin nan ake fitar da alƙaluman mutuwar yara. Binciken 2003 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya, 201 ba sa kai shekara biyar. A 2018 adadin ya koma 132, a binciken 2023 zuwa 2024 kuma 110.

Masana kan ɗora hasashe a kan wannan. Ba duba ba ne, kuma ba da'awar sanin gaibu ba ce. Lissafi ne na inda za a kai idan aka ci gaba da tafiya a haka. Raguwar yara huɗu cikin 1,000 a shekara ba za ta sauko da mu ƙasa da 80 ba nan da 2030, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya 25 ne. Kuma lissafin bai san da ranar 10 ga Satumba 2024 ba, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya mamaye Maiduguri.

Inda abin ya shafe mu a unguwarmu ta Bolori shi ne amsar da muke bayarwa. Jariri ya koma kafin suna, a yi masa sutura da safe, zuwa azahar an rufe zancen. In mai tambaya ta zo, uwa ta lissafa rayayyu kawai, don kara ko don kada a tayar mata da mikin. Ba a ga laifinta ba. Sai dai jaririn da ba a ambata ba babu shi a lissafi, kuma da lissafin ake tsara rabon ungozoma, allurar ƙyanda da maganin tamowa. Mutuwar jarirai a watan farko ma ba ta ragu ba: 39 cikin 1,000 a 2018, 41 a binciken 2023 zuwa 2024.

Iyaye mata, in an zo tambaya ku faɗi duka, har wanda ya yi kwana ɗaya. Magidanta kuma, a yi wa yaro rajistar haihuwa, a kai shi riga-kafi, kuma zazzaɓi ko gudawa kada su kwana a gida.